Motata tana karkarwa a silo, in ta yi zafi sai ta mutu: in sayi biren bos?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah a Malali, Kaduna. Motarsa Corolla ce ta 2006, 'yar Amurka. Ya ce in tana tsaye a silo sai ta riƙa karkarwa har sitiyari na rawa, musamman in ya kunna esi ko fitilu. In kuma ta ɗauki zafi ya shiga cunkoso, irin na Kawo da yamma, sai ta mutu farat ɗaya ba ko tari, ta ƙi tashi sai ta huce kamar minti goma sha biyar. An canza fulogi, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai, amma ba ta canza zani ba. Yanzu an ce masa biren bos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya kawo kuɗi. Shi ne yake tambaya ko ya saya.

Malam, kada ka saya tukuna. Ba wai na wanke biren bos ɗin ba ne, don motar taka tana cikin waɗanda aka san su da wannan ciwo, kuma zan zo kansa. Amma duk abin da ka lissafa an yi maka, babu guda da aka yi bayan awo. Sayen kaya aka yi ta yi ana ɗorawa ana jiran dace. Mu masu wayarin, mita muke fara tambaya kafin mu aiki yaro kasuwar Panteka sayo kaya.

Kuma ina zargin ciwo biyu ne a jikin motar. Karkarwa in an kunna esi abu ne daban, mutuwar farat ɗaya da zafi abu ne daban. Suna iya fitowa daga tushe guda, amma kada a ɗauka dole ne.

Me ya sa sai a silo? A tsaye injin yana juyi kamar 650 zuwa 800 a minti, lokacin da altaneto ke ba da wuta mafi ƙaranci. A daidai lokacin nan ne kuma fankar lagireto ke tashi saboda babu iskar gudu, ga kwamfuresar esi ta kama, ga fankar cikin mota, ga fitilu, ga wutar birki da ka taka. A kan hanyar Zariya kana gudu, ko waya ta ci rabi ba za ka ji komai ba, wutar ta wadata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi ya sa nake farawa daga wutar da ke ciyar da komai, kafin in taɓa wata sensa.

Ɗan mitan nan na awon wuta da ake sayarwa a kasuwa ya isa. Da safe kafin a tayar da mota, a ɗora shi a kan batir. Batir mai lafiya cike da caji yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12, ya kwanta. Sai wani ya murza makulli kana kallon mita: yayin da kik ke juya injin bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Da mota ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Daga nan sai a kunna komai, esi da fitilu da fanka, a bar ta a silo ana kallo. In allurar ta sauko ƙasa da 13 tana ci gaba da zamewa, a duba fanbel ko ya saki, sannan altaneton kansa. Masu Honda su lura, wasu motocinsu da gangan suke rage caji zuwa 12 da ɗoriya in babu kaya a kan wuta, da ka kunna fitila sai ya hau. Wannan ba lalacewa ba ce.

Akwai awo guda da ba kasafai ake yi ba. Altaneto wutar AC mai kai da komo yake haifarwa, ƙananan dayod da ke cikinsa su mayar da ita DC, irin wadda batir ke ajiyewa. In ɗaya ya ƙone, caji zai iya nuna 14 lafiya lau, amma wutar ta zama mai datti, tana hawa tana sauka, tana rikita saƙon da sensoshi ke aika wa biren bos. A juya mita zuwa AC a ɗora a kan batir injin na aiki. Ƙasa da 0.1 shi ne mai kyau. In ya kai rabin bolt, a buɗe altaneto. Wasu mitoci masu arha suna ƙarya a wannan awo, don haka in ka ga lamba ta hauka, a gwada da wani.

Abin da ba zan yafe wa kowa ba shi ne cire kan batir mota tana aiki, wai a ga ko altaneto na caji. A zamanin Fijo 504 mai kafireta an yi haka an kwana lafiya. A motar da ke da biren bos, batir ne ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi, wutar ta yi sama ta daki duk abin da ke kan layi. In ka ga wani ya ɗauko sifana zai yi wa motarka haka, ka riƙe masa hannu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, wato wayar at, wadda ke haɗa kan batir mai alamar ragewa da jikin injin da bodi. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana fita ta kan batir mai alamar tarawa, ta koma ta jikin injin da bodin mota zuwa ɗaya kan. Mutane suna lura da hanyar tafiya, su manta da ta dawowa. Motar da ta yi shekara goma sha wani abu a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ta zo nan aka sauke mata injin ko giya sau ɗaya ko biyu, da wuya a ce wayoyin at ɗinta suna nan yadda kamfani ya sa su. Wani lokaci yaron gareji ya manta bai mayar da guda ba. Wani lokaci an ɗaure ta a kan fenti. Wani lokaci daga waje kamar sabuwa, ka yanka robar ka tarar cikin ya koma koren gari.

Kada a auna ta da om, wato awon da ke nuna ko hanyar wuta a buɗe take, mota a kashe. Ko silin waya ɗaya ne ya rage, mita zai ce hanya a buɗe take. Sai tana ɗauke da kaya za a gane ta. A tayar da mota, a kunna esi da fitilu, a sa mita a DC, baki ɗaya a kan gubar batir ta at, gubar kanta ba maƙalar da ke riƙe da ita ba, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin. Abin da mita ya nuna shi ne wutar da ke ɓata a hanya. Bai kamata ya wuce 0.2 ba. A sake tsakanin batir da bodi. A sake ta ɓangaren tarawa, daga notin bayan altaneto zuwa kan batir. Me ya sa wannan ƙaramar lamba take da muhimmanci? Sensoshi da yawa da bolt 5 kacal suke aiki, saƙon da suke mayarwa a silo wani lokaci bai kai bolt ɗaya ba. In at ɗin da biren bos ke dogara da shi ya goce da rabin bolt a duk lokacin da fanka ta tashi, to lissafin mai da iska ya tashi a banza, alhali babu sensar da ta lalace. Gyaran nan sanfefa ne da sifana mai lamba goma. Kan batir da aka cusa wa ƙusa ko aka buga da dutse don ya kama, shi ma a canza shi a huta.

Bayan wannan sai a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Matsalar da nake gani a gari ita ce yadda ake amfani da na'urar: a soka, a karanta lamba, a goge, a karɓi kuɗi. Kada ka bari a goge komai sai ka ɗauki hotonsa a wayarka, har da bayanin da biren bos ya ajiye na lokacin da laifin ya faru, wato zafin injin da juyinsa da ƙarfin wuta a daidai wannan daƙiƙa. Wanda ya cire batir kafin a karanta, shi ma ya share shaida.

Lamba kuma ba sunan abin da za ka saya ba ce, unguwar da za a bincika take nunawa. P0335 tana cewa saƙon sensar karanshaf bai iso daidai ba. Ko sensar ce, ko soket ɗinta, ko wayar da ɓera ya ci, wannan aikin mai wayarin ne. P0301 zuwa P0304 misin ne, wato mai bai ƙone daidai ba, a silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu, P0300 misin mai yawo. P0171 iska ta fi mai yawa. P0505 tsarin riƙe silo. P0562 wuta ta yi ƙasa. In ka ga lambobi biyar ko shida na sensoshi daban-daban sun fito tare, kada ka yarda duk sun mutu rana ɗaya. Layin bolt 5 da suke sha tare ko at ɗinsu ne ya sami matsala, kuma sensa guda da ta yi shot tana iya jan sauran ƙasa.

In misin ne a silinda guda, ba sai an sayi kwayil huɗu ba. Injin ɗinka kowane fulogi da kwayil ɗinsa. A ɗauke na silindar da ake zargi a musanya da na maƙwabciyarta, a goge lamba, a tayar. In laifin ya bi kwayil, an kama shi. In ya tsaya inda yake, a musanya fulogi, sannan a auna nozul, wanda yawanci yake tsakanin om 12 da 16. A leƙa ramin fulogi da tocila: in akwai baƙin mai a ciki, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo yana cin robar kwayil. In ruwa ne, ka tuna yaushe aka yi maka wankin injin da famfo mai ƙarfi. Fulogin da aka sa maka ma ina so a ciro a gani. Wannan injin Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11 yake ci, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma jabunsu sun cika kasuwa, kwali kamar na gaske. Wutar cek injin in tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, misin ɗin ya yi tsanani, ɗanyen mai yana gangarawa salansa yana dafa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa. Kada a ci gaba da tuƙi a haka.

Sai mutuwar da zafi. Yadda mota ke mutuwa yana faɗin abubuwa da yawa. Wadda mai ya yanke wa takan yi tari, ta riƙa fizga, ƙarfi ya ragu, sannan ta kwanta. Wadda ta mutu kamar an murza makulli, wuta ce ta ɗauke ko saƙo ya ɓace. Taka ta biyun ce, shi ya sa kuɗin famfon mai ya ba ni haushi.

Irin wannan laifi ba a kama shi da safe a gareji mota tana sanyi. Sai a lokacin da ta mutu, cikin mintocin nan goma sha biyar. Kai ma kana iya taimakawa. Ran da ta sake mutuwa, ka gangara gefe, ka kashe makulli, ka sake buɗe shi ba tare da ka yi kik ba, ka dubi dashbod. Wutar cek injin ta kama? In sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, biren bos ba ya samun wuta ko bai farka ba. Nan sai a nufi fiyus da rilen EFI, masu kai wa biren bos wuta, a akwatin da ke cikin bonet, da makunnin da ke bayan makulli. Rile abu ne mai sauƙin gwaji, a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya. Tsofaffin Honda na shekarun 1990 sun yi suna a nan, dalmar cikin babban rilensu takan tsage, da rana ta buɗe da daddare ta haɗe. Ka lura kuma da wutar makulli ta tsaro, in tana ƙyaftawa kana kik, motar ba ta gane makullinta ba ne.

In cek injin ta kama, kik yana juyawa da ƙarfi amma ba ta tashi, babban wanda ake zargi shi ne sensar karanshaf. Ita ce ke gaya wa biren bos cewa injin yana juyawa da kuma inda fistin yake. In ta yi shiru, ba wuta a fulogi, ba mai a nozul. A cikinta siririyar waya ce aka naɗe, wadda in ta tsufa zafi ke buɗe ta, in ta huce ta koma ta haɗe. Kwamfuta tana nuna wannan a fili: ana kik ya kamata a ga juyi kamar 200 a minti, in sifili ne saƙo ba ya zuwa. Ta wannan injin mai waya biyu ce, awonta yana tsakanin om 1,600 da 3,200 gwargwadon zafinta. A auna ta da sanyi, a sake aunawa da zafi. Akwai ma dabarar bakin titi: a zuba mata ruwan leda mai sanyi a jikinta kaɗai, in mota ta tashi nan take an sami mai laifi. Kuma sau da yawa ba ta barin lamba ko ɗaya, don biren bos yana ɗauka kashe motar aka yi.

Wani zai ce ka saurari kukan famfon mai in ka buɗe makulli. A Honda da wasu motoci yana kuka na daƙiƙa biyu. Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai ana kik, don haka shirun ba hujja ba ce. Awon gaskiya shi ne a sa geji, wannan injin yana son 44 zuwa 50 a ma'aunin psi, sannan a auna wutar da ke isa soket ɗin famfon.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da nake yi wa kowa: an taɓa sa mata tiraka ko sikiriti? Yawancinsu wayar famfon mai ko ta makulli ake yankewa a sa ɗan rile a tsakani, a murɗa wayoyin da hannu, a naɗe da salatif, a cusa bayan dashbod. Zafin watan Maris da Afrilu ya narkar da gam ɗin, ramukan hanya su ƙarasa. Ko ba kai ka sa ba, mai ita na farko yana iya sawa. Haka wayoyin rediyo da na fitilun ƙari, da na waɗanda aka mayar wa mota gas. Gwajinsa ba wuya: mota tana silo, a bi dam ɗin wayoyi da hannu ana girgizawa a hankali, soket bayan soket, har bayan makulli. Inda injin ya yi tuntuɓe, nan ne.

Wani abin da muka mayar al'ada shi ne cire tamostat da haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya haura digiri 80. In ba ya kaiwa, biren bos zai ci gaba da zuba mai kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi ya yi baƙi, silo ya lalace, ga fanka tana zuƙar wuta ba hutu. Sensar zafin ruwa ma tana ƙarya. Da safe kafin a tayar, zafin ruwa da na iska a kwamfuta ya kamata su zo kusan ɗaya. In gari na digiri 25 ita tana cewa sifili, ko ta ce 70, a duba ta da soket ɗinta.

Ba duk karkarwa ce ta wuta ba, kuma mai wayarin na ƙwarai zai gaya maka in ba aikinsa ba ne. In juyin injin ya tsaya cak a 700 babu misin amma bodi na rawa, musamman in an sa giya an taka birki, a duba injin sit, wato robobin da injin ke zaune a kai. In kwamfuta ta nuna biren bos yana ƙara mai sama da kashi 10 cikin ɗari a silo, amma in an taka totur zuwa 2,500 ƙarin ya ragu, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wannan injin an san shi da yoyon gasket ɗin manifol, ya fi nunawa da sanyin safiya lokacin hunturu. Ƙurar hunturun kuma tana lulluɓe sensar iska. A silo ya kamata ta nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma da feshinta na musamman ake wanke ta, ba da fetur ko tsinke ba. Bakin totur na motarka na lantarki ne, babu kebul, in ya yi datti silo yakan faɗi da an kunna esi. Bayan an wanke shi ko an cire batir, a bar ta ta yi zafi ta yi silo na wasu mintoci ba tare da an kunna komai ba, ta sake koyon zamanta. 

To, biren bos. A shekarar 2010 kamfanin Toyota ya yi kiranye, wato a dawo da su a gyara, ga Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya na 2005 zuwa 2008 a Amurka, Pontiac Vibe ma ta shiga, saboda tsagewa a allon cikin biren bos da kan sa giya ta riƙa dukan mota, ko mota ta ƙi tashi, ko ta mutu ana tafiya. Taka ta faɗa cikin shekarun. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka sa a shafin kiranye na Toyota a intanet, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi mata ba kafin a loda ta jirgi. Lambobi irin P0606 ko P0607 suna ƙarfafa zargin. Amma ko da su, sai an tabbatar wuta da at suna isa soket ɗinsa cikakku a lokacin da motar ta mutu, sensar karanshaf kuma tana aiko da saƙo, shi ne bai ba da umarnin wuta da mai ba. Sannan ne zan ce a saya.

In ta kai ga haka, yana bayan akwatin dashbod na gefen mai zaman banza. A ciro naka a tafi da shi, lambar da ke jikinsa mai farawa da 89661 ta dace da ta wanda za a ba ka, don na mai giyar hannu da na otomatik ba ɗaya ba ne. Ka sani kuma dole a haɗa shi da makullinka ta kwamfuta kafin mota ta tashi, a sa kuɗin wannan a ciniki tun farko. Ɗan Beljiyam ɗin da za ka samu a Panteka daga irin waɗannan motocin aka ciro shi, yana iya zuwa da ciwon iri ɗaya, don haka ku yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa za ka yi kwanaki kana shiga cunkoso da shi da rana tsaka, esi a kunne, in ta sake mutuwa ka dawo masa da kayansa.